Kofin Malam Ilya

Villeurbanne, Lyon
14 ga Nuwamba, 1995

Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji Chaibou. Yaya bayan nasa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke gaya mini sanyi ya iso tun kafin masu labarin yanayi su faɗa.

Rabona da rubuto miki tun rasuwar baban Nouhou, shekara uku ke nan, kuma yau ma da buƙata na zo. Ki yi mini faɗan daga baya. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, ba ki da inda za ki kai ni.

Nouhou zai yi aure. Yarinyar Bafaranshiya ce, sunanta Elen, tare suka yi karatu. Tana da kunya, ta iya durƙusawa gaisuwa, har ta fara tuƙa tuwo, ko da yake gudajin sun fi tuwon yawa. An sa rana 24 ga Fabrairu, Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah. Da safe meri, auren hukuma a ofishin magajin gari, bayan azahar a ɗaura, sannan liyafa a wani sal, ɗakin taro, da muka kama, mutum wajen ɗari biyu.

Ga damuwar. Iyayen Elen manoman inabi ne a wani ƙauye arewa da nan, giya suke yi tun kakanni. Na roƙa, Nouhou ya roƙa, uban ya ce aurar da ɗiya babu kwalabensa daidai yake da mu yi biki babu goro. Shi kuma Baba Malam Ilya, wan marigayi, da ke gidana tun watan tara ana yi masa aikin ido, ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Shi ne uban Nouhou yanzu. In bai zo ba, kafin mu gama share sal ɗin an ji a Zinder cewa dangin uba sun ƙi auren.

Jiya ina ɗiga masa magani sai na ambaci sunanki, na ce ke ce mai yi wa mutanenmu na Paris abin sha a biki da suna. Ya ce, "Wace Shafa'atu? Ɗiyar Malam Falalu na Birni? Shekara bakwai na yi ina karatu a zauren ubanta." Can ya ce, "In ita za ta tsaya kan abin shan Musulmi, zan je in zauna kusa da teburinta. Ba na gani, amma abin da ta miƙo mini da hannunta zan sha ban tambaya ba."

To kin ji, Yaya. Auren ɗana yana cikin ludayinki.

Ƙanwarki,
Rahama

La Goutte d'Or, Paris
23 ga Nuwamba, 1995

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanwata Rahama, tare da gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Bayan Alhaji da sauƙi, yana hawa matakala yanzu ba tare da hutawa a hawa na uku ba. Ki riƙa shafa man kaɗe da ɗumi a gwiwar. Allah ya sanya albarka a auren Nouhou, ya jiƙan mahaifinsa. Ki durƙusa ki gaishe mini da Malam Ilya. Na tuna shi. Shi ne dogon nan da ke gyara mana alƙalami da reza, mu ƙanana.

Na yi kwana biyar wasiƙarki tana ƙarƙashin matashina. Shekara sha ɗaya ke nan ina wannan sana'a, daga Sevran zuwa Aubervilliers, ban taɓa kafa tebur ƙarƙashin rufi ɗaya da giya ba. An sha kira na, in ba da haƙuri. Ba don na fi kowa ba. Tsofaffinmu a ƙasar nan ba su iya karanta abin da ke jikin kwalba, sai su zauna da ƙishi daga farkon taro har ƙarshe. In suka hango ni bayan tebur, sai su sha. Wannan kaɗai nake da shi a Faransa, Rahama. Ban da ɗa, ban da takardar makaranta.

Amma na yi istihara, kuma maganar Malam ta ɗaure ni. Zan zo, in Allah ya so, bisa sharuɗɗa, ki yi haƙuri da yawansu.

Teburina ya kasance a kusurwar da ta fi nisa da nasu. Kofunana nawa ne, na roba, ni zan zo da su, kada a wanke su wuri ɗaya da gilasansu. Ƙanƙara daga gidanki. Ba mai zuba wa kowa sai ni, kuma ba mai kawo kofinsa daga wancan gefe a cika masa. Kada abin da na haɗa ya kwana wuri ɗaya da kwalabensu.

Zan yi zobo da tsamiya da ruwan citta. Kunun aya ba ya kwana, ki cire shi daga ranki.

Ki gaya wa Malam, da bakina, cewa na ɗauki alkawari. Abin da zai shiga cikinsa ta hannuna, ni zan amsa shi gaban Allah.

Yayarki,
Shafa'atu

Villeurbanne
21 ga Disamba, 1995

Yaya,

Gaisuwa, da fatan kun tsira daga wannan yajin aiki da ƙafafunku. An yi wa Baba aikin ido na farko, yana ganin haske da duhu, sauran sai a hankali.

Ki yafe mini, na ci namanki wata guda cur. Wasiƙarki sai jiya ta iso, ta kwana ashirin da bakwai a buhun gidan waya. Ni kuwa na ce shirun nan amsa ce, Hajiya ta ga ba mu kai ta shiga cikinmu ba, mu da muka haɗa jini da masu giya. Har na gaya wa Baba ba ki amsa ba, ya ce, "To, shi ke nan, ta fi mu sani." Nouhou ya fita bai ci abinci ba. Da na karanta masa alkawarinki jiya, sai tsohon nan ya ce a nemo masa babbar rigarsa a kai wanki.

Sharuɗɗanki kuwa, wayyo! Ko mai ba da biza bai kai ki ba. Amma duk na yarda. Abu ɗaya: ɗakin sanyi guda ne a sal ɗin, kuma Misye Rene, baban Elen, tun Laraba zai jibge akwatunansa ciki. Wuri akwai, babba ne, bidonki, jarkokin nan na roba, a rufe, kwalabensa a rufe, ba za su gaisa ba. In sa naki can gefe? Firigona na gida ko kaza biyu ba ya ɗauka.

Ki amsa da wuri kafin su sake wani yajin.

Rahama

Paris
6 ga Fabrairu, 1996

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƙanwata Rahama, barkanmu da shan ruwa. Ina fatan azumi yana zo muku da sauƙi, da Malam, da ango. Mu lafiya, sai ɗan tari da ya kama ni.

Ban ji haushi ba. Da ni ce a wurinki, abin da zan zata ke nan.

Maganar ɗakin sanyi na juya ta sosai. Na san a rufe suke, na san babu abin da zai ratsa roba. Amma in Malam ya tambaye ni ina suka kwana, ina so in amsa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Kada ki sa su can. Ai ƙasar nan a watan Fabrairu ita kanta firigo ce. Ni a bakin taga nake ajiye nawa tun da na zo, ban taɓa asarar ko ludayi ba. Ki bar su waje, a baranda ko bayan sal ɗin, inda iska ke bugu.

Ga yadda na tsara. Ina da suna a Sevran ranar Juma'a, tun da ciki na yi musu alkawari, don haka sai Asabar da safe zan shigo jirgi. Bukari, mai ɗaukar kaya daga Aubervilliers, yana zuwa Lyon duk Alhamis da asuba. Zan haɗa ranar Laraba in ba shi: bido takwas masu lita ashirin, zobo uku, tsamiya biyu, citta uku. Na ɗaura wa na citta jan zare a hannu.

Na samu citta mai kyau a Château Rouge, sabuwa, tana karyewa ƙas. Zan yi irin ta gidanmu, wadda Malam ya sani: ba a dafa ta, a kirɓa ɗanya, a jiƙa da ɓawon abarba da kanumfari, a tace sau uku, sannan sukari da lemun tsami. Ita Inna ke aika wa zaure ranar saukar karatu. Ina so ya kurɓa ya tuna.

Ki tanadar mini tebur mai tsawo, farin zane biyu, bokiti biyu na shara, da kujera mai hannu domin Malam, a damana.

Zan zo da azumi a bakina, Sitta Shawwal, kin san tun washegarin Sallah nake farawa. Kada ki ce komai, na ji abin da za ki ce tun daga nan.

Shafa'atu

Paris
27 ga Fabrairu, 1996

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Rahama, ina gaisuwa, ina yi muku barka da gajiya. Allah ya ba su zaman lafiya. Na iso gida lafiya. Murar tana nan, amma ba ita ta hana ni barci ba.

Kin tambaye ni a bakin mota me ya sa fuskata ta canza, na ce gajiya. Ba gajiya ba ce. Na kasa faɗa a gaban mutane, kuma ba zan iya a tarho ba, Alhaji yana zaune kusa. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Da na iso sal ɗin aka fito mini da bidunan, na ga masu jan zare sun kumbura kaɗan. Da na murɗe murfin na farko ya yi tsaki. Na ce girgizar mota ce. Hancina a toshe, bakina da azumi. Kin tuna na tare ki kina gudu da tiren kaji na ce ki ɗanɗana? Kika kurɓa kika ce, "Kai, Yaya, yau kin saki hannu, yana cizo!" kika wuce. Citta dama cizo take. Na yi bismillah na fara zubawa.

Malam yana damana. Na miƙa masa kofin farko da hannu biyu. Ya sha, ya ɗaga kai, ya ce, "Ta Inna ce. Wallahi ta Inna ce." Na ji daɗi, Rahama, har na share ido da bakin mayafi. Ya sha na biyu kafin la'asar. Bayan la'asar ya sha biyu. Kofuna manya ne, kuma bai ci komai ba sai ɗan nama.

Kin ga yadda ya saki jiki. Ya ture hula baya, ya ce wurin da zafi. Ya ba da labarin ranar da akuyar mahaifina ta lashe masa allo, ya yi dariya har da tari. Ya ce a kira masa amarya, ya sa mata albarka da ƙarfi kowa na ji, ya ce da Nouhou, "Kai, ɗan banza, ina ka samo wannan?" Mutane suka yi ta tafi. Ke kika zo kika rungume ni.

Gab da magariba Misye Rene ya tsallako daga gefensu. Mutumin kirki ne, ya bar gilashinsa can kamar yadda aka gaya masa, ya roƙi kofi na roba. Ya sa hanci, ya juya kofin, ya kurɓa ya riƙe a baki. Sai ya yi murmushi ya ce, "Madam, kwana nawa? Uku? Ya fara aiki sosai. Da kin bar mini shi sati biyu, da na sa masa sunana." Ya ɗaga mini kofi ya tafi. Na ce masa mersi. Ban gane ba. Na ɗauka yabon Turawa ne.

Da lokaci ya yi, maza suka jera a farfajiyar shiga, suka gabatar da Malam. Ni kuma na zuba rabin kofi don in buɗe baki. Rahama, bai wuce harshena ba na sani. Ba cizon citta ba ne. Wani tsami ne mai tashi, yana tsattsage a baki, yana hawa hanci duk da murar. Na leƙa cikin bidon, kumfa ta yi masa zobe. Tun ina shekara tara mahaifina ya nuna mini tulun dabino da aka jiƙa aka manta, ya ce in jiƙo ya yi kumfa da kansa, ba abin sha ba ne kuma, a zubar.

Ina tsaye da kofin a hannu, ina jin muryar Malam yana karanta Fatiha, mutum wajen talatin a bayansa.

Na ja sauran bido ɗaya da rabi zuwa makewayi na tuttular. Waɗanda suka zo nema na ce musu ya ƙare. Wannan ma ƙarya ce, na ƙara ta a kan ta farko. Da zan tafi na shiga ɗakin rataye riguna ɗauko mayafina, na ga inda bidunan suka kwana, shacinsu yana ƙasa, jikin bututun ɗumama ɗaki. Na taɓa shi, ya ƙona ni. Da sun kwana waje da haka ba ta faru ba, amma ni ce na hana su wurin da ya dace.

Ban san ko ya kai abin da ke bugarwa ba. Allah ne masani. Na dai san mutum nawa suka sha don sun ga fuskata. Su ban san yadda zan bi su ba. Amma shi na yi masa alkawari da sunansa. Dole in gaya masa.

Shafa'atu

Villeurbanne
4 ga Maris, 1996

Yaya,

Muna lafiya. Baba lafiya, amarya da ango lafiya.

Sau uku na karanta, kuma na ga inda kika sa ni: "da sun kwana waje." To ki ji. Mai gadin sal ya ce ba a ajiye kaya a waje, doka ce. Barandata hawa na shida ce, lif ya lalace, kuma daren Alhamis ruwa ya daskare a titi. Na ce in suka daskare suka fashe, me zan gaya wa Hajiya? Na sa su inda na samu. Wa ya ce kada a sa su a ɗakin sanyi? Wa ya zo biki da azumi kamar ranar ce kaɗai a Shawwal?

Na tambayi Nouhou a dabara. Ya ce abin da zai taru a kwana uku bai taka kara ya karya ba, sai mutum ya sha bokiti. Tsoho ya yi farin ciki, ya tuna ƙuruciya, shi ke nan. Dole sai da dalili?

Yaya, ki dubi Allah ki yi shiru. Kullum sai ya ce, "Ɗiyar Malam ta fitar da mu kunya." Ya aika Zinder cewa ya ga yarinyar ya yarda da ita. In kika gaya masa, me zai ce game da albarkar da ya sa? Zai ce ba shi ya yi magana ba, abin da ke cikin kofi ne. Ke za ki sauke kayanki ki yi barci, ni da ɗana mu ɗauka. Shi da bai sani ba, ba shi da zunubi, wannan ko ni da ban yi zaure ba na sani.

In kin rubuto masa, ni ce mai karanta masa, kuma ba zan karanta ba. Tarho kuma a falona yake.

Rahama

Paris
15 ga Afrilu, 1996

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƙanwata Rahama, ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Alhaji yana gaishe ku. Ya ce na rame, na ce masa murar ce.

Ban ɗora miki laifi ba, wallahi. Ki sake duba layin, ƙarshensa ni na ambata. Kin yi abin da na ce, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Tsoron kwalba a rufe ya sa na haɗa abin da nake gudu da hannuna.

Na yi shiru sati shida saboda ke. Na yi suna biyu da biki ɗaya a ciki. Duk wanda ya miƙo hannu sai in sake leƙa bidon kafin in zuba. A Aubervilliers wata tsohuwa ta ce wa jikarta, "Karɓi na Hajiya, shi ne ba a tambaya." Na shiga makewayi na daɗe.

Na tambayi limamin unguwarmu ba tare da na ambaci suna ba. Ya ce abin da kika ce: wanda bai sani ba babu komai a kansa, kuma ba dole ne a sanar da shi ba. Na gode masa. Amma ba hukunci ne ya hana ni barci ba. Mutumin nan ba ya gani, ya ara idona, yana can yana yabona kullum a kan abin da bai faru ba. Duk yabon da ya yi, sata nake.

Ki yafe mini. Na yi magana a kaset, na ba Bukari, na ce ya sa a hannun Malam. Kafin wannan ta iske ki, ya riga ya ji. Ban ambaci sunanki ba ko sau ɗaya. Na ce masa albarkar da ya sa tasa ce, don tun kafin ya kurɓi komai ya sa a wanke babbar riga.

In ba ki sake rubuto mini ba, ba zan ga laifinki ba.

Shafa'atu

Villeurbanne
20 ga Mayu, 1996

Yaya,

Gaisuwa. An yi Babbar Sallah lafiya, ina fatan ku ma haka. Ban yi niyyar rubutowa ba, aiko ni aka yi.

Ya saurari kaset ɗin a ɗakinsa, sau biyu, ina jin muryarki ta bango. Bai fito cin abinci ba. Washegari ya tambaye ni su wa suka bi shi magariba ranar bikin. Na lissafa waɗanda na tuna. Ya sa Nouhou ya buga musu ɗaya bayan ɗaya, ya ce su rama sallar, liman ya samu shakka a kansa. Bai faɗi dalili ba, su ma ba su tambaya ba. Ya yi azumi kwana uku.

Game da Elen bai janye komai ba. Amma ya daina ba da labarin bikin, in an ɗauko sai ya ja carbi. Da tana kawo masa shayi ya tsokane ta, yanzu sai ya ce a ajiye.

Likita ya sallame shi, idon dama ya ɗan buɗe, na hagu ya tafi. Zai koma gida 12 ga Yuni. Za mu yi masa ƴar walima ranar Lahadi 9 ga wata a nan gida, mutum talatin. Ya ce in rubuta miki haka, kalma da kalma: "Ki gaya wa ɗiyar Malam babu komai, Allah ya ga niyya. Ta zo ta yi mana abin sha, kada mutane su ga an kira wata su yi tambaya."

Ki zo. Firigon duka naki ne, na kwashe komai. Kuma don Allah ki zo da bakinki a buɗe.

Rahama

Paris
13 ga Yuni, 1996

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƙanwata Rahama, ina gaisuwa, ina godiya da karɓar da kika yi mini. Kin ba ni gadonki kin kwana a kujera da wannan gwiwa, Allah ya saka. Ina fatan Malam ya sauka lafiya. Ki gaida Elen, ki ce mata tuwon ya fara kama hanya.

Kin ce a tasha kin ga komai ya wuce, kin ga ya karɓi kofi a hannuna gaban jama'a. Na ce miki alhamdu lillahi. Ina so ki san sauran, don kada ki ji daga baya na bar sana'a ki zata fushi nake da ke.

Kin ga yadda na yi ranar. Bayan asuba na kirɓa cittar a madafarki, ban sa ɓawon abarba ba. Na ɗanɗana da na tace, na ɗanɗana da na sa sukari, na sake ɗanɗanawa kafin in zuba. Tsakanin turmi da kofinsa ba a yi awa biyar ba. Na durƙusa na ce, "Malam, na yau ne, da safen nan, na sha da bakina."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyar Malam. Allah ya jiƙan mahaifinki." Ya ɗaga murya don a ji. Ya kai kofin kusa da baki, na ga haka, sai wani ya zo gaishe shi, ni kuma aka kira ni wajen zobo. Zuciyata ta yi sanyi a karon farko tun Fabrairu. Har na ci abinci.

Da mutane suka watse bayan la'asar, ina tattara kofuna, na ɗaga kujerarsa don in share. Kofin yana ƙarƙashi, can ciki jikin bango, inda ƙafa ba za ta ture shi ba. Cike yake. Ya rufe shi da ƴar takarda don kada ƙuda ya faɗa.

Na tuna kuma na gan shi sau biyu yana laluben hanya zuwa madafa shi kaɗai. Na ɗauka alwala zai yi. Famfo ya je, ya sha da tafin hannunsa.

Bai yi mini ƙarya ba, Rahama. Ya yafe, na yarda ya yafe. Ya rufa mini asiri gaban mutane, ya fi abin da na cancanta. Maƙogwaronsa ne bai yarda ba, kuma wannan ba a roƙonsa.

Na ba Fatou maƙwabciyata bidunan da rariya da babban ludayi. Tana da tsabta, tana da yara huɗu, za ta iya. Masu bikin watan bakwai na aika musu su neme ta. Alhaji ya tambaye ni dalili, na ce tsayuwa ta fara yi mini wuya. Zan gaya masa gaskiya in na samu baki.

Abin da ke cikin kofin na zuba wa shukar da ke barandarki, na wanke shi na mayar cikin sauran. In kin rubuta Zinder ki gaishe shi da kyau, ki tambayi idon. Kada ki gaya masa na ɗaga kujerar.

Yayarki,
Shafa'atu